Littafin da Wuta Ta Rage

Garwa, da damina,
shekarar da Jamus suka ajiye bindiga.
Binuwai ya cika ya batse,
yana wucewa da hulunan soja, babu kawuna a ciki.

Kwana tara da yin shirun igwa aka aiko kirana.
Ni ne Barau ɗan Tabawa, tafinta.
Harshena ya yi wa Jamus bauta shekara goma sha ɗaya,
yau an ce in ɗauraye shi, in zo da shi.

A barikin da rufinsa ke yoyo
Turawa biyu sun shimfiɗa taswira
bisa wani ƙyaure da aka ɗora kan ganguna.
Na Ingila yana tsotsar lofe babu taba,
na Faransa zazzaɓi na kaɗa masa fensir.
Can arewa, kan dutsen Mora, ana ta ɓarin wuta,
giwa ba ta faɗi ba,
su kuwa har sun wasa wuƙar rabo.

Nan kumandan zai zauna, in ji su.
Nan kotu. Nan gidan waya.
Jangali ya dawo da kaka, kada shanu su manta.
Gidan yari fa? Lafiyarsa lau,
ƙofa kaɗai ya rasa.
Na dubi teburinsu, na gane ƙusoshin.
Ban ce uffan ba.

Jan layi ya ratsa gonar Hamajoda,
dawa ta faɗa hannun wannan,
rumbu ya faɗa hannun wancan.

Sai aka ɗauko littafin.
Daren da Jamus za su fita sun cinna wa takardunsu wuta.
Ta ci wasiƙu, ta ci hoton sarkinsu,
da ta iso kan littafin haraji
sai ta lashi gefe, ta ce ta ƙoshi.

Karanta, in ji na Faransa.
Mai rai ka ce mai rai, matacce ka ce matacce,
muna son 'yan dako ɗari uku kafin wata ya mutu.

Gambo majemi.
Ya rasu a hanyar Gaundare, akwatin harsashi a kansa.
Fensir ya ja layi.
Tanko mai kwalekwale.
Ruwa ya ci shi daren da aka harbi gaɓa.
Layi.
Buba Njidda da ƙanensa.
Layi, layi.
Duk gaskiya na faɗa, maƙoshina kamar na haɗiyi toka.

Jatau mahauci.

Da safen nan na ci balangunsa, bashi.
'Ya'ya huɗu, wuƙa ɗaya,
ga ƙafar da dakon bara ya bar masa tana ja.
Ruwa na ɗiga daga rufi, ɗis, ɗis, kan Tafkin Cadi.

Ya rasu, na ce.

Fensir bai yi gardama ba.

Kafin la'asar na kashe mutum goma sha bakwai da baki,
ba likkafani, ba makoki.
Na kashe maƙeri, na kashe ladan,
na kashe wani yaro da gemunsa bai fito ba.
Amma ɗari uku ɗari uku ce.
Wanda na tsallake, wani ya ɗauki kayansa,
kuma ni na kira sunan wanin.
Wannan lissafin ba a bariki za a yi mini shi ba.

Na Ingila ya ba ni sule, ya ce na iya aiki.
Jibi aka mayar da ƙyauren mazauninsa,
da tabon jan tawada a jikinsa.

Ran kasuwa na bi ta rumfar mahauta.
Mamacin yana zaune yana korar ƙuda da reshen darbejiya.
Ya ɗago kai, ya harare ni:
Barau, kai dai ba ka tsoron Allah.
Ina kuɗin namana?